Yatsan Jimrau a takardar Harisu

Jimrau bai iya zama ba. Ko tuwo a tsaye yake cinsa, yana leƙen hanya kamar wanda ya aiki wani. Daga Bader Goula ya zo Dakoro bayan fari ya share masa garke, ya bar masa sa ɗaya mai karyayyen ƙaho. Da wannan sa ne ya samu aikin jawo wa lakwal ruwa, makarantar da Nasara suka buɗe kusa da bariki. Rijiyar tana da zurfin gaske. Sai ya kora sa can nesa kafin guga ya fito, ya dawo, ya sake korawa, tun hantsi har la'asar. Mutane suka ce Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da ƙafarsa.

Yana da ɗan fari, Harisu. Tun yaye aka miƙa yaron ga Hama, wan Jimrau, kamar yadda aka saba, domin a wajensu mutum ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya nuna shi a gaban jama'a ya ce nasa ne. Da dogarai suka bi gida gida suna ɗibar yara zuwa lakwal, a gidan Hama suka ɗauki Harisu. Shekara shida Jimrau yana wucewa ta gefen ajin da tulu a ka, bai taɓa juya kai ba. Amma in muryar yaron ce ke karatu, sai tulun nan ya yi nauyi, a sauke shi gindin taga a gyara gammo.

A shekara ta shida Harisu ya ci jarrabawar shiga kolej a Yamai, shi kaɗai a ajinsu. Malaminsu, Mushe Mamani (Mushe ake ce wa malamin lakwal), ya tare Jimrau bakin rijiya ya yi masa bayani. Ba a karɓar yaro sai da takardar haihuwa. Uba zai tsaya gaban kwamanda, Nasaran da ke mulkin garin, da shaidu biyu ya faɗi cewa ɗansa ne, kuma motar wasiƙu za ta tashi ranar Alhamis. In takardar ba ta bi ta ba, an ba wani gurbin.

Kwana biyu Jimrau bai san inda zai sa kansa ba. Ya je kasuwa ya dawo bai sayi komai ba. Ya kora sa ba guga a igiya. Matarsa ta ce ta gan shi bayan danga yana motsa baki shi kaɗai, yana gwada kalmar, da ya hange ta sai ya kama tari.

Ran Litinin aka shiga ofis. Ga kwamanda, ga tafinta, ga dattawan unguwa sun zo shaida, ga Harisu tsaye jikin bango. Tafinta ya nuna yaron ya ce, “Jimrau, wanga ɗanka na?”

Jimrau ya dubi ƙasa. Ya dubi dattawan, cikinsu har da surukinsa. Ya ce, “Na gidan Hama na.”

Duk Bahaushen da ke ɗakin ya gane abin da yake nufi, har tafintan. Amma tafinta aikinsa ya juya abin da aka faɗa, kuma shi ya juya. Kwamanda ya rufe littafi, ya ce to Hama ya zo. Ni mai ba ku labarin nan, har yau in na tuna raina ɓaci yake, domin ba a samu dattijo ɗaya da ya buɗe baki ya ɗauke masa nauyin ba. Kowa ya ga Jimrau ya yi abin da ɗan mutunci zai yi, suka gyaɗa kai suka fita.

Hama kuwa yana can dajin Roumbou da shanu. Jimrau ya ɗaure san nasa, ya bar lakwal ba ruwa, ya kama hanya a ƙasa. Rijiya rijiya yake tambaya, a ce jiya suka tashi, a ce sun yi arewa. Ran Alhamis da hantsi ya iso da wansa, ƙafafunsa sun kumbura, mota tana ƙofar bariki ana ɗora buhuna.

Hama bai sha wuya ba. Aka tambaye shi, ya ce nasa ne, tun da shi ya rene shi. Sai aka nemi shaidu, aka tarar ɗaya kaɗai ke nan, sauran sun tafi gona. Direba yana ta busa ƙaho. Tafinta ya waiwaya ya ga Jimrau a bakin ƙofa yana kai da komo.

“Kai, taho. Ka shaida Harisu ɗan Hama na?”

Wannan kam bakinsa zai iya. Ya ce ya shaida. Aka kama babban yatsansa aka dangwala a tawada, aka danna a ƙasan takardar da ta ba wansa ɗansa.

Harisu ya tafi Yamai bayan damina, ya yi karatu, ya zama malami, kuma a duk takardar da ya sa wa hannu har ya tsufa sunan Hama ne ke bin nasa. Jimrau ya san haka tun ranar. Da motar ta tashi ya tsaya yana kallon yatsan, sannan ya goge shi a rigarsa ya tafi kwance san da ya ɗaure.