Ranar da Nafisa Ta Zama Bushiya

Juma'ar farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku, Baba ya shigo gidanmu na unguwar Sa'alaba a Jidda da la'asar riƙe da wani ɗan baƙin akwati, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Direba ne a tashar jiragen ruwa, yana tuƙa wani injiniya ɗan Japan, kuma mutumin ne ya ba shi wannan tsaraba daga wata walima tasu. Ni da Nafisa muna saman soro muna kwashe shanya muka jiyo Umma tana salati a ƙasa, muka watsar da kayan muka sauko a guje.

Nafisa 'yar ƙanin Baba ce. Mahaifinta ya rasu a Bur Sudan, uwarta ta kawo ta lokacin aikin Hajji ta bar ta a hannunmu. Kafin zuwanta ni ce 'yar auta. Ni ke cin ragowar kwanon Baba, ni ke ɗauko masa takalmi idan zai tafi masallaci, ni ke zama gaban mota ranar da zai kai mu bakin teku. Tana zuwa aka raba komai biyu, kuma a idona rabinta kullum ya fi nawa girma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Hausarta. Tata tar take, irin ta kakanni, ni kuwa sai in fara magana da Hausa in ƙarasa da Larabci. Baba yakan zaunar da ita bayan magariba suna ta hira, ni ina gefe ina wasan carafke ni kaɗai, ina buga duwatsun da ƙarfi don a san ina wurin. Na yi kishin yarinyar nan har da ƙafar da take takawa.

Da aka buɗe akwatin sai ga 'yan curin shinkafa a naɗe cikin wani baƙin ganye, a saman kowanne an ɗora wani abu ruwan ɗorawa mai kama da gwaiduwar ƙwai. Baba ya ce sushi sunansa, abin da ke sama kuwa cikin bushiyar teku ne, wannan mai ƙayoyin da muke gudun takawa a bakin ruwa. Umma ta leƙa ta ce, "Malam, ɗanye fa? Halas, shi ke nan, ni kam na yafe." Yayyena maza suka sulale waje. Baba ya dube mu ya ce, "Yalla, maza, a cikinku wa ke da zuciya?"

Ban bari ya rufe baki ba na cafki ɗaya. A lissafina, yau zan ƙwato matsayina. Na jefa a baki, abu ya narke a harshena, ga sanyi, ga santsi, ga gishiri da ƙarni, sai ka ce na kurɓi ruwan da ake wanke kifi a kasuwa. Hawaye suka cika mini ido, amma na runtse na haɗiye. Na ce, "Akwai daɗi, Baba." Ya ce madalla, hannunsa kuma ya riga ya miƙa wa Nafisa nata.

Ita ko daƙiƙa ba ta yi da shi ba. Ta zaro ido, ta kumbura kumatu, ga gashinta da Umma ta tsefe ba a kitse ba ya miƙe tsaye, ta ruga magudanar ruwa ta tofar. Ta juyo tana goge harshe da bakin ɗankwalin da ke wuyanta ta ce, "Baffa, wannan ai majinar teku ce!" Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi, har ya riƙe bango. Umma ta ce tun rasuwar ƙaninsa ba ta ji ya yi irin wannan dariya ba. Nan take ya raɗa mata suna Bushiya. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan aure, kuma duk baƙon da ya zo sai Baba ya ba shi labarin daga farko. A labarin ba a taɓa ambaton cewa ni na haɗiye nawa ba.

Yanzu gidajen cin sushi sun cika arewacin Jidda, har nakan je da 'ya'yana, kuma abin haushin, bushiyar teku ta zama abin da na fi so. Na girma na gane marainiya Baba ke rarrashi, ƙaninsa yake gani a fuskarta. Ganewar ba ta kashe kishin ba. Baba ya tsufa, sunaye sun fara kuɓuce masa, wani lokaci da sunan Umma yake kirana. Ni ke ba shi abinci a baki, amma kullum idan na ɗauke kwano sai ya ɗago ya ce, "Ina Bushiya?"

Da na sani, ni ma da na tofar.