Kukan gauraka a kan iyaka

Jami'in kwastan ya daɗe yana jujjuya madubina na hangen nesa, yana duba takardar izinin fita da shi. In ya riƙe shi, tafiyata Chadi kallon tsuntsaye ta lalace.

"Malam, tun daga Funtuwa? Wane tsuntsu ne haka?"

"Gauraka, yallaɓai. Ya ɓace a fadamunmu."

Ashe ɗan Maska ne, kusa da Funtuwa, rabonsa da gauraka tun yana bin mahaifinsa gona. Ya buga hatimi.

"Ka ɗauko mini kukansa a waya. 'Ya'yana ba su san shi ba."

Da na dawo na kunna masa, sai ya zauna, ya ce in maimaita.

Ku fa, yaushe rabonku da jin sa?