Karaya a Hannu, Ɗingishi a Ƙafa

Noeleen ba ta yarda da mutumin nan da ya shigo ɗakin jiran likitan ƙashi ba. Dogo ne, rigarsa na warin tumaki, da gani sana'arsa aske su. Wuyan hannunsa ne a naɗe da filasta, amma ɗingishi yake. Wayon samun kujera, in ji ranta.

"Bawan Allah, hannu ne ko ƙafa? Zaɓi ɗaya."

"Duka, Inna. Shekara guda karayar ta ƙi kamawa, sai suka yanko ƙashin ƙuguna suka cike gurbin."

"An yanki wando an yi wa riga faci ke nan."

Ta ɗauke jakarta daga kujerar, ya zauna yana cije leɓe. Ita kuwa ta rungume jakar tsam, idonta na kan lafiyayyen hannun.