Saƙon Rasuwar Inna Zuwa Jidda

Inna ta rasu ranar Laraba da hantsi, cikin damina, shekaru kaɗan bayan an yanke mana jiha. Kafin la'asar mun kai ta makwancinta. Washegari dattawa suka zauna a zauren gidanmu na unguwar Bolewa kan magana ɗaya: wa zai gaya wa Yaya? Shi ne babban ɗanta, yana ɗinki a Jidda, ya fi shekara goma bai zo gida ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Auta zai yi. Bakin da ke mayar da tsohuwar saniya karsana ba zai kasa wannan ba."

Ban ji haushi ba, gaskiya ya faɗa. Dillalin shanu ne ni a kara. Boko aji biyu na yi, shi ma rabinsa a kan tsamiyar bayan makaranta na yi shi. Amma na iya sauraron mutum. In mai saye ya yi shiru, na san ko shirun so ne ko na ƙi.

A wajenmu ba a jefa wa mutum mutuwar uwarsa kamar dutse. Za ka gaisa, ka ce jiki ya ɗan motsa, ka saurara. Ka ce an kai asibiti, ka ji yadda numfashinsa ya sauya. Ka ce sai addu'a. In ka iya, shi da kansa zai ja salati kafin ka furta kalmar. Na sha yi wa mutane, gaba da gaba. A waya ne ban taɓa yi ba.

Wayar da ke fita ƙasar waje tana shagon wani Babarbare a unguwar Hausari, dattijo, abokin wasana. Ya yi mini gaisuwa, ya karɓi lambar maƙwabcin Yaya da ke bayan wata tsohuwar wasiƙa, ya yi ta juyawa har yatsansa ya gaji. Da ta shiga aka tafi kiran Yaya, ya miƙo mini.

"Bafillace, juya ta, a kife ka riƙe. Kuma ba kiran shanu za ka yi ba."

Na ce, "Bawa, yi wa maigidanka ladabi."

"To maigida, saurara. Maganar nan sai ta hau sama ta sauko. In ka faɗa, ka jira."

Na gyaɗa kai kamar na gane.

Na yi sallama. Shiru. Na sake yi, sai ga amsar Yaya ta faɗo a tsakiyar tawa. Na tsaya, shi ma ya tsaya. Na fara "ina wuni", shi ma ya fara. Haka muka yi ta karo kamar awaki biyu a ƙofa ɗaya. Ni da ban taɓa katse Yaya ba tun ina yaro, ranar na katse shi ya fi sau goma. Ga wani shuu a ƙarƙashin maganar kamar ruwa a kan kwano. Abin da ya fi tsorata ni, duk abin da na faɗa sai in ji ya dawo mini da muryata, 'yar siririya, kamar wani na kwaikwayona a bayan ƙofa.

Na dai daure na ce, "Inna ce jikinta ya ɗan motsa."

Na kasa kunne in ji numfashinsa. Babu numfashi, babu komai. Shirun ya yi mini tsawo, na ce a raina mutumin nan ya faɗi, ga shi da hawan jini, ga shi ba kowa nasa a kusa. Sai dillalin da ke cikina ya yi abin da ya saba in ya ga ciniki zai ɓaci: ya ja baya. Na ce, "Amma da sauƙi, Yaya. Da sauƙi sosai."

Muryata ta dawo mini ta ce da sauƙi sosai. A bayanta kuma tasa ta iso, lafiya lau, yana tambaya ko zazzaɓi ne. Ashe ba faɗuwa ya yi ba, maganarsa ce ke kan hanya. Sannan tawa ta biyu ta isa gare shi, na ji ya ce, "Alhamdu lillahi." Na buɗe baki in gyara, layin ya ɗauke.

Babarbaren ya yi ta juya lambar har aka kira magariba, ba ta sake shiga ba. Aka yi ruwa da iska a makon, aka ce turakun waya sun faɗi a hanya. Kwana tara ina zuwa shagon kullum, in ɗaga in ji ta a mace. A gida ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwa, kowa ya tambaya, "An gaya wa na Jidda?" sai in ce an yi magana da shi. Ba ƙarya ba ce, amma irin gaskiyar kara ce. A can kuwa Yaya yana kwana yana tashi da uwa mai rai, ni na ba shi ita.

A rana ta goma layi ya dawo, sai dai ya fi na farko lalacewa. Shagon cike da masu jira, har kan benci na waje. Muryar Yaya tana zuwa gutsure-gutsure, amma da murna a cikinta. Na tsinci "magani", na tsinci "bargo", na tsinci "mai zuwa Kano". Sai wata jimla ta fito sarai, ita kaɗai: "Gobe ka kawo ta, in ji muryarta."

Na ce, "Yaya, jikin ya yi tsanani."

Na jira. Ya ce, "Me? Ba na ji."

"Sai addu'a, Yaya."

"Ɗaga murya, Auta."

Babarbaren ya dafa kafaɗata. Bai kira ni Bafillace ba. Ya ce, "Malam, layin nan ba zai ɗauki zagaye ba, yanzu zai tafi. Kalma uku. Da ƙarfi."

Na rufe ido na ɗaga murya kamar ina kiran mutum daga wancan gefen kara. "Inna ta rasu!"

Na ji kalmomin sun dawo mini, na ji mutuwar uwata daga bakina kamar yau aka gaya mini. Masu jira suka fara salati ƙasa-ƙasa. A wayar ba komai sai shuu. Wannan karon ban cika shirun da komai ba. Na tsaya, ban san ko layin ne ko Yaya ne ba.

Can ya ce, "Yaushe?"

"Kwana goma sha ɗaya."

Na jira.

"Ranar da ka ce da sauƙi fa?"

"Tana ƙasa, Yaya."

Shirun nan ya fi na layi tsawo, ko ni na san haka. Na shirya wa faɗa, na ma so ya yi. Da ya yi magana, cewa ya yi, "Wa ya sa ta a kabari?"

"Ni da Kawu."

"Ka gyara mata kai?"

"Na gyara."

Salatinsa ya iso a kakkarye, farkonsa da ƙarshensa, tsakiyar ta ɓace a hanya. Na ce ya yafe mini, maganarmu ta sake karo, ban san ko ya ji ba. Abin da na ji shi ne, "Kar ka ajiye."

Ban ajiye ba. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma haka. Mutum wajen bakwai na jiran wayar, ba wanda ya yi tari. Muna riƙe da ita, shi a can ni a nan, har layin ya ɗauke da kansa.