Damanar da Baba Ya Gasa Akordiyon

Yanzu tsufa ya sa ina manta abin da na ci jiya, amma damanar da babana ya gasa akordiyon ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Na dawo daga soja da sana'a guda: na iya kaɗa akordiyon, abin kiɗan Turawa da ake ratayawa a ƙirji ana ja ana matsewa, irin mai haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa. Kumandan, Baturen da ke mulkin Magaria, yana da ɗaya, ya damƙa mini, ni ke yi wa Turawa kiɗa duk ranar biki. Albarkacin wannan ne masu kamun aikin dole ke tsallake ƙofar gidanmu.

Babana makaɗin kalangu ne, mutumin Guci. Da ruwa ya zauna, muryar akordiyon ta dishe. Ina gona, Baba ya yi masa abin da kowane makaɗi ke yi wa gangar da ta sha sanyi: ya ajiye shi a bakin wuta. Bai san kakin zuma ne ke riƙe da 'yan ƙarafan da ke ba da murya a ciki ba. Da na dawo na ɗaga shi, sai na ji ƙaras-ƙaras kamar gyaɗa a ƙwarya.

"Baba, me ka yi masa?"

"Sanyi ya kama shi, ɗana, na ɗan ɗumama maka."

Da alfahari ya faɗa. Da ya dubi fuskata sai ya nemi wuri ya zauna. Babban bikin Turawa ya matso, kuma mu duka mun san idan kumandan ya ji wanda ya yi ɓarnar, tsohon nan za a kai fasa dutse a hanyar Damagaram. Tausayinsa ya hana ni fushi.

Na je wurin wani Bature mai sayen gyaɗa na aro nasa. Ba haƙori ko ɗaya, sai maɓallai jere-jere, duk kamarsu ɗaya. Ya yi dariya ya ce ba zan iya ba kafin biki. Na ce masa ya dai tanadi takalman rawa.

Bakina ya fi hannuna sauri. Kullum idona na neman fari da baƙi, yatsuna na tuntuɓe. Baba ya gaji da kallo, ya kwance rawaninsa ya yafa mini a hannu.

"Ka taɓa ganin na leƙa kalanguna? Bar hannu ya nemo abinsa."

Ya ɗauki kalangu ya sa kiɗa, ina binsa a makance. A haka na gano daɗin abin: in yatsu suka riƙe fasalin waƙa, ko ka matsa sama ko ƙasa, fasalin bai canzawa. Mai haƙora bai taɓa yi mini wannan alheri ba.

Ranar biki na tsaya gaban Turawa da la'asar, Baba a bayana. Kumandan ya dubi abin da ke ƙirjina ya ɗaure fuska.

"Ina nawa?"

"Zafi ya narkar da shi, mon kumandan."

Ban jira ba, na ja waƙar da matar kumandan ta fi so, ta miƙe ta kama hannun mijinta suka shiga rawa. Yana wucewa ta gabana ya ce, "Ƙasar nan komai narkewa yake."

Ban sake komawa ga mai haƙora ba. Baba kuwa har ya rasu yana gaya wa mutane shi ya koya mini kiɗan Turawa, ban kuma taɓa ƙaryata shi ba. Tun ranar na san iyawa a jikin mutum take, ba a jikin kaya ba, kuma wuta ba ta kai wurin.