Zaton da Na Yi wa Idon Habu

Shekara tara ke nan da rasuwar Habu, taubashina, ɗan gwaggona. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwancinsa. Duk shekara idan watan ya kewayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi.

Ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Malaz, nan Riyad. Ni direba, shi mai fentin gini. Wata rana suna gyaran wani gida ya tsinci littafin Larabci a cikin tarkace, cike da hotunan zane. Aikin wasu masu zane ne na Faransa, fiye da shekara ɗari da suka wuce, waɗanda suka bar ɗaki suka fita fili, suna ɗiga launi kusa da launi cikin sauri kafin rana ta gusa. Larabawa suna kiran salon inɗiba'iyya. Habu ya ce mutanen nan haske suke farauta, yadda ya sauka a kan abu, yadda ido ya kama shi a kallon farko.

Daga nan ya shiga tara guntayen katako da ragowar fenti. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya hau rufin gidanmu ya zana bangon gidan da ke fuskantarmu, da tankin ruwa da dabino ɗaya. Bangon nan kaɗai ya zana shi ya fi sau ashirin.

Ni kuwa da tawada da alƙalamin kara na tashi. A rubutun ajami kowane layi yana da baki, ka san inda ya fara da inda ya tsaya. Abin da ba shi da iyaka ban yarda da shi ba. Da farko na bincika ko yana zana mai rai, na ga babu. Sai na ce ko wata yake leƙe a gidan can, na duba, bangon ko taga ba shi da ita.

Na ce masa, "Habu, ina bangon? Ni dai kunu na gani ya zube a katako."

Ya ce, "Alaramma, ja da baya taku biyar. Kai komai sai ka cusa hanci kamar mai tayin daddawa."

Na ja da baya, bango ya fito. Ban gaya masa ba. Na dai tambaye shi wa ya taɓa ganin inuwa shuɗiya, ya ce duk wanda ya tsaya ya duba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda yake ƙanƙance ido idan yana zane. Gwaggo, mahaifiyarsa, yanar ido ce ta makantar da ita, kuma da ƙanƙance ido ta fara. Ga shi kullum yana kan saƙala, katakon nan da masu fenti ke hawa, a bene na takwas. Zuciyata ta ce mini duk zancen Faransa ɗin nan mayafi ne, mutumin nan dishi-dishi yake gani, yana ɓoyewa don kada ya rasa aiki. Na ce mu je asibiti, ya yi dariya, ya ce da gangan yake ƙanƙancewa don ƙananan abubuwa su ɓace, haske ya saura. Na ɗauki wannan ma a kan dabara.

Sai na sami shugaban aikinsu a asirce, na roƙe shi a duba idon Habu. Magana zarar bunu ce. Ba wanda ya duba komai. Aka sauke shi daga saƙala, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ƙi sabunta masa iƙama, wato takardar zama, cikin wata biyu aka sallame shi. Ni na kai shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Da zai shiga ya ce, "Allunan na bar maka. Ka riƙa ja da baya, Alaramma." Har yau ina zargin ya san ni ne. Shekara biyu ya yi a Funtuwa yana neman aiki nan da can, zazzaɓi ya zama ajalinsa.

Na daɗe ina lallashin kaina da cewa rigakafi ya fi magani, gara ya rasa aiki da ya faɗo.

Riyad ta sake kama tun bayansa. Jirgin ƙasa yana ratsa gari, benaye na gilashi suna jefa wa juna rana, har baje kolin zane ake yi. Na leƙa ɗaya, na ga mutane suna ɗaga waya kafin su ɗaga ido, ban tabbata sun ga abin da suka ɗauka ba. Da Habu na nan ina jin ba zai shiga ba, a waje zai tsaya yana kallon magariba a jikin gilashi.

Bara likita ya ce mini ina da yana a ido biyu. A nan na san yadda take. Ashe kashe launi take yi, komai ya koma ruwan ƙasa. Na fito da allunan Habu kafin a yi mini aiki, shuɗin inuwar nan ya ɓace mini. Bayan an cire, na hau rufi wata Juma'a da la'asar. Bangon yana nan. Inuwar tankin kuwa shuɗiya ce, da ɗan ja-ja a bakinta, kamar yadda ya ɗiga ta. Mai yana ba ya ganin wannan, balle ya zana. A ɗakinmu Habu ne mai lafiyayyen ido.

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To ina ga wanda bai zama ba? Matarsa Ladi da 'ya'yansa ba su san dalilin dawowarsa ba, yau za su sani daga bakina, kuma ina neman yafiyarsu. Allunan gadonsu ne, na ɗaure su, za su bi mai tafiya gida. Guda ɗaya nake roƙo su bar mini. Na jingina shi a bangon ɗakina, na auna taku biyar, na shimfiɗa tabarma a wurin.