Rijiyar Ardo Buba

Da bazarar 1974, ana tsakiyar fari, na zo gida Gumel hutu daga jami'a, inda nake karanta ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Abokan karatuna duk hankalinsu na kan kamfanonin mai na kudu, ko haƙar kuza a Jos. Ni ma haka. Mahaifina, malamin ofis, shi ya haɗa ni da masu binciken ruwa na gwamnati, ya ce in bi su in ga aiki.

Gumel zuwa Gagarawa

Muna idar da sallar asuba direba Ɗan'asabe ya tsaya ƙofar gidanmu da Landiroba. Hanya rairayi ce, muna tafe muna sauka muna turi, sai da hantsi muka isa Gagarawa Tasha. Jirgin ƙasan Nguru ya sauke shugaban aikin, Malam Yakubu, dattijo marar yawan magana, da akwatin na'urarsa. Turakun ƙarfe ake kafawa a ƙasa, a haɗa su da waya, na'urar ta nuna inda yashi mai ruwa yake.

Ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'ar? Ka iya riƙe guduma?"

"Zan iya, ranka ya daɗe."

A Gagarawa awo ya yi kyau. Muka sa musu alamar inda za su haƙa, muka kwana gidan dagaci, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka.

Maigatari

Ranar kasuwa muka shiga. Ɗan kwastan ya leƙa akwatin, ya ga waya, ya ɗaga mana hannu. A kara, inda ake cinikin dabbobi, na ga shanun Damagaram, haƙarƙari a waje, ana sayar da saniya kuɗin tunkiya. Nan wani dattijon Bafillace, Ardo Buba, ya same mu. Ya ce mutanensa, yamma da Sule Tankarkar, tun kaka suke haƙa rijiya, suna sayar da shanu suna ciyar da mahaƙa, har yau ba ko danshi. Rugarsa ba ta cikin wuraren da aka turo mu, amma Malam Yakubu ya ce, "Shigo mota, Ardo."

Sule Tankarkar

Muka sha fura a garin, muka nausa daji. Rijiyar ta yi zurfin da ba a ganin ƙasanta. Na damƙi ƙasar da suka fitar, yumɓu ne zalla. Muka yini muna awo gabas da yamma, mata da maza na tsaye suna kallon hannunmu. Da la'asar Malam Yakubu ya ja ni gefe.

"Me ka gani, Sabi'u?"

"Yumɓun na da kauri. Ruwan na can ƙasa, hannu ba zai kai ba, sai injin burtsatse."

"Injin kuwa ba zai zo bana ba. Je ka faɗa masa."

"Ranka ya daɗe, ko mu ce su ɗan ƙara, ko Allah zai sa a dace?"

"Su ƙara da wace saniyar? Wannan ma yana cikin karatun."

Na durƙusa gaban Ardo. Na ce, "Baba, ku daina haƙa. Ba za ku tarar da ruwa a nan ba."

Ya daɗe yana duban rijiyar. Can ya ce, "Kakana a nan yake kwance." Sannan ya dafa kafaɗata. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Da ka ce mu ci gaba, da mun ci gaba har mu ƙare."

Da safe muna ɗaure kaya, su ma suna ɗora nasu a jakuna. Suka rufe bakin rijiyar da itace saboda dabbobi, suka kora sauran shanun suka yi kudu.

Komawa Gumel

Da azahar muka iso, na gode wa Malam Yakubu da Ɗan'asabe, na gode Allah da ya dawo da mu lafiya.

Da na gama jami'a ma'aikatar ruwa na shiga. Da kaina na kai injin burtsatse wurin rijiyar Ardo, muka huda yumɓun, ruwa ya fito fari tas. Na aika kudu a nemo Ardo Buba. Ɗansa ne ya zo, ya ce tsohon ya rasu a hanya tun a shekarar farin. Ya tara hannu ya sha, ya yi alwala, ya ce zai je ya dawo da iyali.